Gawar da Ta Jira Umarnin Darakta

Talata Mafara, ranar Laraba.

Zuwa ga taubashiyata Bushira, a Damri.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ke da Malam Sanusi da yara, da fatan kun ga damina lafiya. Ni lafiyata lau, sai ɗan mura da ya leƙo ya wuce. Tun da sabis ya ɗauke a wajenku na koma zamanin kakanni, ga ni da biro, Gidaɗo direba shi ne gidan wayata. In kin je Dakko ranar Juma'a kamar yadda kika saba, ki gaishe min da mahaifiyata Inna Fadima, ki karanta mata inda ya dace, sauran ki haɗiye.

Saƙonki na baki ya iso, wai ɗan mahauta ya ajiye wuƙa ya tafi riƙe wa 'yan fim jaka. Da ba don kakarki da kakana ciki ɗaya suka fito ba, da na kai ki ƙara. To buɗe kunne ki ƙaru. Sunan aikina kwantiniti. Shi fim ba a jere ake ɗaukarsa ba, mutum yana iya mutuwa ranar Litinin ya yi aure ranar Alhamis, sai daga baya a jera. Saboda haka dole a sami mai ido wanda zai tuna cewa jiya hular jarumi ta karkata hagu, kuma rabin shayi ne a kofinsa. Wannan mai idon ni ne. Kowane guntun labari sunansa sin, kowace ɗauka kuma teik, wurin da muka je aiki shi ne lokeshan. Akwai wata doguwar sanda da ake rataya abin ɗaukar magana a kanta, mai gashi kamar jelar tunkiya, ita ce bum. Tana jin komai, har kukan cikin mutum.

Amma babbar dokar aikin kalma biyu ce, kuma daga bakin darakta kaɗai suke fita. In ya ce akshin, kowa ya shiga abin da aka sa shi. Daga nan babu mai tsayawa, babu mai waiwaye, ko sama za ta faɗo, sai an ji ya ce kot. Kwanan baya cinnaka ya ciji wata jaruma tana tsakiyar kuka, ta daka tsalle, teik mai kyau ya lalace. Ni na fi kowa yi mata faɗa, har daraktanmu Lukman ya ce a yi koyi da ni. Kin ji matsayin da taubashinki ya taka.

Mako mai zuwa za mu lokeshan a Tsibiri, can ƙasar Maradun. Mai gari ya ba mu izini. Ki ce wa Inna ta sa mu a addu'a, in mun gama zan zo mata da kifin madatsar ruwa.

Naki, ko kina so ko ba kya so,
Kamilu.

Dakko, ranar Litinin.

Zuwa ga marigayi Kamilu.

Wa alaikumus salam, in dai matattu suna amsa sallama. Ban san irin gaisuwar da ake yi wa mutumin da aka yi wa sadakar uku ba, sai ka yi haƙuri da wannan. Lafiya kake tambaya? Kawu Buba yana kwance, hawan jininsa ya tashi. Inna ba ta cin abin kirki.

Kamilu, me ka yi mana haka?

Ranar Alhamis da la'asar abokan fataucin Kawu Buba suka shigo da shi gidan nan a rirriƙe. Sun taso daga sayen shanu, suka biyo ta Tsibiri. Ya durƙusa gaban yayarsa, hawaye har gemu, ya ce, "Fadima, sai haƙuri. Kamilu ya riga mu. Bisa makara na gan shi, huska ta yi toka, kuma da ni anka yi mai salla." Wa zai ƙaryata Kawu Buba? Mutumin da ko a cinikin bijimi ba ya rantsuwa, ga shi ganau ne ba jiyau ba. Abokan nasa suka ce shi yana sallamewa ya yanke jiki ya faɗi, suka ɗauke shi zuwa mota, suna kallo aka ɗaga makara aka yi bayan katanga da kai. Babu sabis balle a kira wani, hanyar kuma ka san ba a binta da yamma don ganin dama.

Aka aiko mini Damri, na zo ba ko takalmin kirki. Aka shimfiɗa tabarmi. Mahautan garin nan suka rufe rumfa saboda darajar marigayi babanka. Mutane daga Bakura, daga Damri, har waɗanda kai ba ka taɓa gaisarwa ba, suka zo suna ta yabon halinka, ina jin su ina cewa ashe haka kake. Aka wanke tufafinka aka bayar sadaka. Ni da nake tsokanarka tun muna yara, ni na daka gumbarka, ina daka ina kuka. Inna ba ta yi kururuwa ba, wannan ya fi tsorata ni. Sai dai in hantsi ya yi ta tashi ta tsaya bakin ɗakinka ta kira sunanka a hankali, ta jira, ta dawo ta zauna.

Jiya ana cikin rabon sadaka sai ga Gidaɗo ya sauke fasinja. Ya ga taro, ya tuɓe takalmi ya zauna, aka shafa fatiha da shi, sannan ya tambayi wa aka rasa. Da aka gaya masa sai ya miƙe tsaye. Ya ce, "Wane Kamilu? Wanda na baro jiya bakin tasha Mafara yana cin tsire, har ya hana ni yanka guda?"

Ka ga yadda kaji suke yi in shaho ya sauko? Haka zauren nan ya zama. Wasu salati, wasu suna neman takalmansu, wata tsohuwa ta zubar da gumbar da ke hannunta wai ba ta cin sadakar rayayye. Da ƙura ta lafa Gidaɗo ya ce ai ya ji 'yan fim suna hirar wata jana'iza da suka ɗauka.

Na ruga wurin Inna ina dariya ina kuka, na zaci za ta yi guɗa. Ta yi hamdala sau ɗaya. Sannan ta tafi inda Kawu Buba yake kwance ta ce, "Buba, da ka gan shi, ka kira shi?"

Ya ce, "Na kira shi, Fadima. Kaina bisa kanshi na kira shi, har da sunanki na haɗa."

"Bai amsa ba?"

"Ko gira bai ɗaga ba."

Ta juya ta shige ɗaki ta saki asabari. Tun daga lokacin, in an ambaci sunanka sai ta ce, "Wa ke nan?" Ba mantuwa ba ce, ka san Inna. Kana gab da rasa uwa alhali tana da rai, kuma ban ga mai cetonka ba in ba bakinka ba. Ka rubuto ka gaya mini gaskiya: ka ji kiran ko ba ka ji ba?

Bushira.

Talata Mafara, ranar Laraba.

Bushira,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina gaishe ku duka, ina yi wa Kawu sannu, amma wallahi ban san ta inda zan fara ba. Gidaɗo ya miƙo mini takardarki yana kallona kamar fatalwa. Na karanta a tsaye, na ƙarasa a zaune a ƙasa. Tufafina? Gumba? Inna a bakin ɗakina?

Ga yadda aka yi, ba ƙari ba ragi. Ba ni ne gawar ba tun asali. Wanda aka shirya da shi yana ganin makara ya ce shi kam ya fasa, ko me za a yi a yi. Rana tana tafiya, Lukman ya dube ni ya ce ni ne na fi kowa sanin doka, ga ni kuma siriri, ba zan wahalar da masu ɗauka ba. Mai kwalliya ta shafa mini wani abu mai kama da toka, aka naɗe ni aka bar fuska a buɗe. Sin ɗin gajere ne: a ɗauko ni, a ajiye gindin tsamiya, a ɗan tsaya, a sake ɗauka a zagaya bayan katanga. Babu salla a ciki, wa zai yi wasa da salla? Kyamara kuma aka hau da ita kan wani soro can nesa, don a ɗauko fili gaba ɗaya, mai bum ya ɓuya a cikin reshen tsamiya. Wanda ya zo wucewa ba abin da zai gani sai makara da mutane.

Abin da babu wanda ya tuna a cikinmu, mu da muka tashi a ƙasar nan, shi ne Musulmi ba ya ganin gawa ya wuce. Mutanen gari sun san wasa ne, amma hanyar fatake ta bi ta nan. Ina kwance ido rufe na ji sawu yana ƙaruwa. 'Yan cika taron da muka ɗauko ba su fi cikin zaure ɗaya ba, sai ga tafiya kamar an tashi kasuwa. Aka ajiye ni. Wani ya tambaya, "Namiji ko mace?" Wanda ya fito a limami ya ruɗe ya ja da baya, sai wani dattijo cikin matafiyan ya matso ya ce a daidaita sahu. Namu mutanen suka daskare suna jiran kot. Shi kuwa Lukman yana can kan soro yana ganin taron da bai taɓa mafarkin samu ba, ya ƙi buɗe baki.

Kin ce in gaya miki gaskiya. Na ji. Na ji numfashinsa a fuskata, har da ƙanshin goron da yake ci. Ya ce, "Kamilu! Kamilu ɗan Fadima!" Na gane muryar tun kafin ya rufe baki. Zuciyata ta ce tashi, wata ta ce yanzu za a ce kot, ka daure kaɗan, kai da ka yi wa yarinya faɗa a kan cinnaka. Na daure. Ina ji aka yi kabbara huɗu a kaina, Bushira. Har yau in na rufe ido ina jin su.

A bayan katanga aka ce kot. Na fito da likkafani a jiki, waɗanda suka biyo mu suka watse da gudu, da suka gane kuma suka dawo da zagi, sai da mai gari ya shiga tsakani. Na nemi Kawu aka ce an tafi da shi, wani ya ce ai an yi wa kowa bayani kafin motoci su tashi. Na yarda saboda ina so in yarda. Kunyar haɗa ido da shi ta sa na ce bari ya huce tukuna.

Ki roƙa mini Inna. Zan zo, amma sai bayan Asabar. Kiran da Kawu ya yi ya shiga bum, ya ambaci sunana na gaskiya, saboda haka Lukman ya ce dole a sake ɗaukar wurin ajiyewar. Tunda fuskata ta riga ta fito, ba a iya canza gawa. Kwanciya ɗaya ce kawai, da an gama zan hau mota.

Kamilu.

Dakko, ranar Juma'a.

Kamilu,

Muna gaishe ka. Kawu ya fara zama, har ya sha kunu da kansa. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Sai bayan Asabar? Sau biyu na karanta wurin nan, na ce ko idona ne. Ashe akwai abin da zai sake girgiza ni bayan na ga Gidaɗo ya tayar da matacce. An yi maka salla da ranka, uwarka ta yi zaman makokinka, kai kuma damuwarka ba a iya canza gawa! Da can ina tsokanarka ne in na ce fim ya cinye maka hankali. Yau ba wasan taubasai nake yi ba.

Na so in tsallake ƙarshen takardar, amma Inna ta lura na ninke ta da wuri, ta ce in karanta duka. Ta saurara tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Da na zo wurin da ka ce ka ji, hannunta ya tsaya a cikin faifai. Da na gama ta ce, "Shi wanga Lukman, shi ya haife shi?" Na ce a'a. Ta ce, "To mi ya sa kalma guda tashi ta ɗara kukan ƙanena?"

Na ce mata ka ce a roƙe ta. Ta ce, "Ki ce mai shi kwanta. Mu mun yi kukanmu mun ƙare, ba mu da saura. Ran da ta gaskiya ta zo, sai su 'yan kot su yi mai."

Ni dai na sauke nauyi. Yau zan koma Damri, na bar yara da miji kusan mako saboda mutuwar da ba a yi ba. Kada ka sake ba Gidaɗo takarda zuwa gidan nan, babu mai karantawa, kuma wannan magana ba ta biro ba ce. In ka hau makarar nan gobe, ka sani da hannunka ka rufe ƙofar Inna.

Bushira.

Dakko, ranar Talata.

Zuwa ga Bushira, a Damri.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Malam Sanusi, ki ba shi haƙurin makon da na cinye masa. Dubi sunan garin da ke saman takardar nan, kin ga inda nake.

Ban kwanta ba. Ranar Asabar mai kwalliya ta riga ta ɗebo tokarta, na ga makarar jingine da mota, nan take na fasa. Na ce wa Lukman ya nemi dabara, ko ya cusa karan dawa ya rufe fuska, ko ya yanke sin ɗin. Ya yi faɗa, ya ce ni da bakina nake koya wa mutane doka. Na ce haka ne. Ban san ko akwai sauran aikina a wurinsu ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Gidan Kawu na fara sauka, don ya samu sauƙi an mayar da shi gidansa. Ya daɗe yana kallona, ya shafa fuskata da hannu biyu kamar mai duba lafiyar bijimi, sannan ya zabga mini carbinsa a wuya. Daga nan ya rungume ni muka yi ta kuka. Ya ce shi ya yafe, amma in je can inda babbar shari'ar take.

Na shiga gida bayan azahar. Tsakar gida shiru, asabari a sake. Na yi sallama ba a amsa ba. Na durƙusa a bakin ƙofa na ce, "Inna." Shiru. Na ɗaga asabari, ga ta kwance a kan gado, fuska ga bango, ta ja zane har ka. Na ce, "Inna, ni ne." Ko motsi. Na matsa na taɓa ƙafarta, na girgiza, ta tafi yadda na girgiza ta kamar ba rai. Bushira, ban san lokacin da ihu ya ƙwace mini ba. Na faɗa kanta ina kiran Inna, Inna, ina salati, ina cewa na kashe ta, baƙin cikina ya kashe ta kafin in iso. Maƙwabta suka fara shigowa da gudu. Duniyar nan gaba ɗaya ta yi mini duhu, ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, ko a kan makara.

Sai ta janye zanen a hankali ta juyo. Idonta a bushe. Ta ce, "Ina jinka tun sallamar hwarko."

Na riƙe ƙafarta ina kallonta.

Ta ce, "Ka ji yadda take? Kai ko ruwan alwala bai bushe ba anka amsa maka. Ni kwana uku ina kira bakin ɗakinka."

Sannan ta kama kaina ta danna a cinyarta, kukan da kika ce ba ta yi ba ranar makoki, ranar ta yi shi, har maƙwabtan da suka shigo suka fita suka ba mu wuri. Da ta share fuska ta ce in tashi in ci tuwo, na rame kamar gawar gaske.

Ba ta ce ta yafe da baki ba, ta dai ba ni aiki. Duk gidan da aka zo gaisuwar mutuwata sai na taka da ƙafata na yi godiya na ba da haƙuri. Na fara da rumfar mahauta, sun yi mini tsiya son ransu. Damri tana cikin jerin, ki tanadi bakinki, na san ba za ki raga mini ba. Da rigar Kawu nake yawon, tunda nawa an bayar. Jiya a masallaci na ga hulata a kan ladan, ta karkata hagu, ban ce komai ba.

Wani sabon hali kuma ta ɗauka. Tana zaune sai ta kira sunana, in na zo da gudu ta ce ba komai, in koma. Tun safe ta yi haka ya fi a ƙirga. Ina da sauran labari, amma ga ta can ta sake kira, bari in ajiye biro in amsa.

Kamilu.